Akwatin Maraɗi da Wayar Alhaji

Wautar da na yi ƙarama ce, mutanen layinmu ne suka kumbura ta. Na ɗauka intanet tasha ce kamar sauran tashoshi, idan ta zo za ta fito a talabijin a zauna a kalla. Ba wanda ya taɓa gaya mini sai da kwamfuta, kuma a lokacin duk layinmu ba mai ita.

Bayan an ƙaddamar da Shari'a aka rufe gidan kallon unguwarmu. Sai Alhajin da ke farkon layi, mai motocin da ke zuwa Maraɗi, ya kafa dish ƙato kamar faifan shanya. Ya sa mai gyara ya ja baƙar waya daga ɗakinsa, ta hau katanga, ta bi rufin gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowane gida a tsaga masa reshe. Gidanmu ne na farko bayan nasa, saboda haka hoton kowa ta kan rufinmu yake wucewa. Sharaɗi ɗaya Alhaji ya kafa: duk gidan da aka taɓa wayar, a cire shi.

Abin takaicin, dikoda ɗaya ce, rimot kuma yana aljihun Alhaji. Abin da yake kallo shi duk layi ke kallo. Ana tsakiyar ƙwallo, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga, sai ka ga wani mai taye yana karanta labarai da Larabci. Nan take za ka ji salati ya tashi daga gida zuwa gida har bakin kwalbati. Idan barci ya sace Alhaji da rana, haka za mu wuni muna kallon kifaye suna iyo.

Ana cikin haka Kawuna, ƙanin Inna, direba, ya dawo daga Maraɗi da wani akwati baƙi mai ƙananan fitilu, ya same shi cikin kayan gwanjo.

"Ungo, sarkin kwance rediyo," in ji shi. "Mai kayan ya ce a ƙasar Turawa wanga abu ake liƙa ma wayar tele, intanet ta shigo gida."

"Kawu, ta wayar talabijin?"

"Haka ya ce. Har 'yan duwan, kwastan ɗin can, sun juya shi sun juya, ba su san mi ne ne ba."

Kafin la'asar na gaya wa duk yaran majalisarmu cewa mulkin rimot ɗin Alhaji ya ƙare. Na ce a intanet kowa da tasharsa, ƙwallo ma sai ka zaɓi wanda zai ci.

Baba ya tafi aikin Hajji a shekarar, ba mai tsawata mini sai Inna. Kaka kuwa tun da ya tafi ta kafa tabarma gaban talabijin. Alhaji ya yi alkawarin ranar Arfa zai bar tashar Saudiyya tun safe, ita kuma ta ƙudurce sai ta ga ɗanta cikin taron.

"Tsohuwa, mutanen nan kamar tururuwa suke," na ce mata. "Kowa da farin harami. Ta ina za ki gane shi?"

"Ni na haife shi, ɗan nema. Ko ƙeyarshi na gani na san shi."

Jajibirin Arfa da hantsi, Inna ta shiga maƙwabta kitso, na hau rufi da wuƙar yankan kuɓewarta. Kan wayar bai shiga ramin akwatin ba, don shi ramin mai zare ne. Na datse wayar gida biyu, na feƙe ta, na cusa jan ƙarfen ciki, na ɗaure da roba. Filogin ma irin na Nijar ne, mai ƙafa biyu zagayayyu, sai da na zura tsinken tsintsiya a soket kafin ya shiga. Aka yi sa'a akwai wuta. Fitila ta kama, kore, tana ƙyaftawa. Wallahi sai da na yi rawa.

Na diro na leƙa talabijin. Ba komai sai yayyafi da shuuu.

"Kai, ina Makka ta tafi?" in ji Kaka.

"Tana zuwa, har da ƙari."

Ba ta zo ba. Abin da ya zo yara ne, daga kowane gida. "Wai an ce hotonku na nan?" Na koma rufi na murɗa wayar na haɗe, na tofa mata bisimilla, na naɗe da leda. Hoto ya dawo, amma kowa a ciki ya zama mutum biyu, liman da inuwarsa suna rawar sanyi. Gidajen ƙarshen layi kuwa ko inuwar ba su samu ba.

Da azahar Alhaji ya iso da mai gyara. Mai gyaran ya hau ya sauko riƙe da akwatin kamar ya kamo ɓera.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Yaran majalisa, waɗanda na yi wa alkawarin duniya, duk suka nuna ni da baki.

"Kai, wayar nan indararo ce," in ji mai gyaran. "Ruwa sauka yake yi, ba ya hawa. Can inda ake amfani da wannan, akwai inji a ɗaya bakin wayar, akwati ya yi magana a amsa mishi. Nan wa zai amsa? Alhaji? Kuma can ma kowace ƙasa da tsarinta. Ba ka ga talabijin ɗin Maraɗi in an kawo shi nan kala take ɓacewa ba? To ina kwamfutar taka ma?"

"Wace kwamfuta?"

Dariyar da aka yi, na rantse har a shingen kwastan an ji ta. Alhaji kaɗai bai yi ba. Inna ta fito da rabin kitso tana ba shi haƙuri, ta ce Baba Alhaji a duba tsohuwa, gobe Arfa. Ya ce ƙofar gidansa a buɗe take ga tsohuwa, amma magana ya riga ya yi ta a gaban kowa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Kawu. Yana tsaye yana cin rake, ya ce shi dai cewa ya yi a ƙasar Turawa, bai ce a Jibiya ba.

Ranar aka sauya wa wayar hanya, ta bi ta bayan katangarmu. Washegari ni na ɗauki tabarmar Kaka da butarta zuwa cikin gidan Alhaji, tana tafe tana zungurata da sanda. Can ta kalli Arfa tare da matan gidan, ta dawo ta ce ta ga Baba yana shan ruwa. Ba a mayar mana da wayar ba sai da Baba ya dawo ya je wurin Alhaji da kansa. Akwatin kuwa Inna ta danne murfin tulu da shi.