Zogalen da aka yi wa wankan jego

Zogalena yana cikin wani tsohon bokitin fenti a balkon ɗinmu, wato 'yar barandar bene, a Bobigny, nan ƙasar sanyi. Irinsa daga gidan mahaifiyata a Tasawa na zo da shi, ƙulle a bakin zane. Ta rasu, an sayar da gidan, wanda ya saya ya sare bishiyar ya kafa gareji. Wannan sandar ta cikin bokiti ita kaɗai ta rage.

Shekarar da 'yata ta haihu a Lyon, farkon sanyi, na tafi yi mata wankan jego. Kafin in fita na tsayar da maigidana Alhaji na faɗa masa a tsare: rana ta faɗi, a shigo da bokiti, hantsi ya yi, a fitar, ruwa kuwa sai ƙasar ta bushe.

Ya ce, "Hajiya, mutumin da ke sauke kwantena, bokiti ne zai gagare shi?"

Ya gagare shi.

Wata safiya 'yata ta kira shi ta bidiyo don ya ga jikansa. Ta ƙura wa wayar ido ta ce, "Baba, wa ke kwance bayanka cikin bargo?"

"Ba kowa."

"Inna, zo ki gani, Baba ya yi baƙo!"

Na karɓi wayar. Bargona ne na baƙi, naɗe da bokiti, an jingina shi da shofaj, wato ƙarfen ɗumama ɗaki.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda na tatso daga bakinsa. Da farko ya manta bokitin a waje, aka kwana ana jaura har ruwan butar balkon ya daskare. Da safe ya tarar ganyen ya yi baƙi, ya langaɓe. Daga nan ya kira amininsa, wani Malam mai sayar da atamfa a Château Rouge, wanda ko albasa bai taɓa shukawa ba. Malam ya ce duk abin da sanyi ya kama zafi ne maganinsa, ai ga Hajiya can Lyon aikin da take yi ke nan. Sai Alhaji ya ɗora tukunya, ya sheƙa wa zogale ruwan zafi, ya lulluɓe shi.

Na ce, "Saura kunun kanwa, Alhaji. Ko shi ma kun dama masa?"

"Malam ya ce zai farfaɗo."

"Yaye bargon. Janye shi daga shofaj, kai shi gefen taga. Kada ka ba shi ruwa, kada ka yanke komai, kada ka ƙara kiran Malam."

Ba na barin mai jego saboda itace, don haka na zauna har aka yi arba'in. Amma duk ruwan da na ɗora sai raina ya ɓaci.

Da na dawo ban kwance kaya ba. Ganye babu ko ɗaya. Na kankare ɓawon da farce daga sama, busasshe. Na sauko tsakiya, busasshe. Sai can ƙasa, kamar taƙi guda daga bakin ƙasar, na ga ɗan kore a ƙarƙashi. Na sa wuƙa na datse daga nan. A gida haka muke yi wa zogale ya sake tohowa, amma a gida ba wanda ke dafa shi da ransa.

Alhaji na tsaye bayana, hula a hannu. Ya ce zai sa a aiko min da iri daga Maraɗi, buhu ma in ina so.

Na ce, "Iri bai ƙare a duniya ba. Na innata ne ya ƙare."

Sanyi ya wuce, kututture na nan kamar turken akuya. Furannin maƙwabta suka buɗe, nawa shiru. Sai da aka fara fita ba rigar sanyi na ga tsiro biyu ƙanana a gindinsa. Ban gaya wa kowa ba. Da Alhaji ya gano da kansa, bai zo wurina ba, waya ya ɗauka. Ina kicin na ji shi yana cewa, "Malam, albishirinka! Wankan ya karɓe shi!"

Ban yi musu ba, ba ni da lokacin ɓatawa. Reshe na farko da ya yi ƙwari na yanke, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na hau jirgin ƙasa na kai Lyon na dasa wa 'yata a bokiti. Ya kama. Yanzu da sanyi ya fara, in na kira ta, bokitin nake fara tambaya, sannan yaron.