Ɗanasabe Dillali da Tutar Ɗanliti

A kasuwar Marke, wadda ke ci ran Laraba tsakanin Tofa da kogin Watari, babu wanda bai san Ɗanasabe dillali ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, haƙoransa jawur da goro. Kullum za ka gan shi da riguna a saɓe, rawani a hannu, yana ratsa rumfuna yana yi wa kowa ba'a. In ya ɗaga maka riga ya ce ta Zazzau ce, to ta Zazzau ce. In kuwa akwai inda asu ya ci, shi zai fara nuna maka wurin, sa'an nan ya yi ta zuba maka zance har ka manta ka saya.

A Gidan Shago aka haife shi, wani babban gidan Maguzawa da ke gangaren kogi, inda rumbuna suka fi ɗakuna yawa. Mahaifinsa Shago manomi ne na ji da gani, amma ɗan bai gado shi ba. In an fita gona, kafin ya kai ƙarshen kunya ɗaya 'yan'uwansa sun yi nisa, shi yana baya yana ba su labari. Shago yakan girgiza kai ya ce, "Wannan yaro bakinsa ya fi hannunsa noma." Da aka gaji, sai aka riƙa ɗora masa dawa a jaki a tura shi kasuwa. Nan aka gane inda rabonsa yake, don bai taɓa komowa da ƙwaya ɗaya ba.

A kasuwar ya ga Furera, 'yar wani masaƙi, tana sayar da zare. Ya yi ta zarya gidansu har uban ya ce masa gaskiya: ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba ya salla ba. Ɗanasabe ya je ya shaida wa mahaifinsa. Shago ya ce, "Je ka. Amma hanyar gidan nan kada ciyawa ta rufe ta." Ya musulunta, liman ya raɗa masa Muhammadu Sani, sunan da babu mai kiransa da shi sai surukinsa. Ya bar giya, amma bai bar dangi ba. Duk bikin da za a yi a Gidan Shago yana nan da ƙullin goronsa, su kuma sukan bar masa akuya ya yanka da kansa don ya samu ya ci nama tare da su.

Haka ya zauna shekaru masu yawa cikin rufin asiri. Yana da 'yar gonar gero a bayan gida wadda Furera ta fi shi sanin iyakarta, da awaki, da bishiyar ɗorawa a ƙofar gida inda yake shimfiɗa buzu da la'asar. 'Ya'yansa mata suka yi aure kusa. Yakan ce shi bai ga abin da Sarkin Kano ya fi shi ba, sai dai yawan masu damunsa.

Shekarar da annoba ta faɗa wa shanu, ta share garke bayan garke, gidajen Fulani da yawa suka wayi gari babu ko ɗan maraƙi. A cikinsu har da gidan Usaini, jikan Ɗanliti. Shi Ɗanliti wani mayaƙi ne da ya yi zamani bayan jihadi, ya mutu tun Ɗanasabe na goye. Wata Laraba da hantsi Usaini ya zo rumfar Ɗanasabe da adudu a kai, ya sauke, ya zauna yana ta kauda fuska don kunya.

"Baba dillali, kayan gida na kawo. Ka san halin da ake ciki."

"Sannu, Usaini. Allah ya mayar da alheri. Buɗe mu gani."

Akwai rigar saƙi mai aska biyu, da alkyabba da ta sha jiki, da jalala ta doki. A can ƙasa kuma wani farin ƙyalle ne a naɗe, wanda tsufa ya mai da shi ruwan ƙasa, gefensa duk ya zare, an ɗinke wata laya a kusurwa.

"Wannan fa?"

"Tutar kakana ce. Ita ce ba na so in rabu da ita, amma yara ba sa cin tuta."

Ɗanasabe ya sha jin sunan tutar Ɗanliti, amma a gidansu ba a tsayawa a kan zancen. In an ambata, sai manya su yi tsaki su shiga wata magana. Shi dai dillali ne, kuma dillali ba ya ƙin haja. Ya san kuma abin da ido bai gani ba hannu ba ya tayawa. Sai ya samo doguwar gora ya ɗaura ta, ya kafa a gaban rumfa. Iska ta buɗe ta.

Kafin azahar rumfar ta cika. Tsofaffi suna zuwa suna shafa gefenta suna shafawa a fuska. Wani makaho ya sa aka jawo shi ya taɓa, ya ce mahaifinsa ya yi yaƙi a ƙarƙashinta. Ɗanasabe yana ta murna, don ranar har rigunan da suka daɗe a hannunsa sun shige. Can sai wasu samari suka taru suka ɗauko wani tsohon kirari, suna tafi suna maimaitawa: "Tutar Ɗanliti, arne ya gan ki ya shige rumbu!" Suna yi suna waiwayen layin da matan Maguzawa ke zama da kayansu, suna dariya.

A layin nan akwai Baturiya, yayar Shago, tsohuwa tukuf mai sayar da daddawa. Ta ɗago kai ta dubi tutar, ta daɗe tana dubanta. Ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta ɗora a kai, ta kama hanya. Matan da ke kusa da ita suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bi ta.

Laraba ta zagayo, Ɗanasabe ya sake kafa gorarsa, don har yanzu ba a yi tayin da ya kai ba. Amma kasuwa ta ƙi cika. Babu dawa, babu kaji, babu itace, babu daddawa. Duk gidajen gangaren kogi ba wanda ya leƙo. Masu tuwo suka rasa abin kaɗa miya, mahauta suka yi ta korar ƙuda. Da ya koma gida Furera ta aje masa ruwa ta ce, "Malam, ka je ka ga Gwaggo Baturiya. Tun ran nan na so in faɗa maka, na ga kana cikin farin ciki."

Washegari da sassafe ya tafi. Ya tarar da ita a bakin rumbu tana ɓarzar kalwa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a daƙile.

"Gwaggo, kasuwa ta yi kewarki."

"Kasuwa ta sami abin kallo. Me za ta yi da ni?"

"Tsumma ne fa, Gwaggo. Haja ce aka kawo mini, kamar kowace haja."

Ta aje dutsen niƙan ta dube shi. "Ɗanasabe, ni na yi maka wanka kana jariri da hannun nan, don haka zan faɗa maka abin da ubanka bai faɗa maka ba. Ranar da na fara ganin tsumman nan ban isa ɗaukar tulu ba. Muna sussukar gero, sai ga dawakai sun ɓullo ta bakin kogi, tsumman nan yana gaba. Suka ce ba mu biya jizya ba, alhali mun biya. Innarmu ta cusa ni cikin rumbu ni da ubanka, yana jariri, ta ce in toshe masa baki. Ta wata 'yar kafa nake leƙe. Na ga an ɗaura mata igiya a wuya, ita da yayanmu Buwai, an haɗa su da mutanen gidan ƙetare. Tun daga ranar ko labarinsu." Ta nuna rumbun da haɓa. "Waƙar da yaran nan ke yi, ba ƙarya suka yi ba. Mun shige rumbu. Ni ce arnen."

Ɗanasabe ya matso kusa da ita. Ya zauna har rana ta ɗaga yana taya ta tsince kalwa. Da zai tafi ta ba shi daddawa ta ce ya kai wa Furera.

Daga nan gidan Usaini ya zarce. Ya same shi yana gyaran danga, ya kwashe duk abin da ya ji ya faɗa masa. Usaini ya ɓata rai.

"Baba, ni ban san wannan ba. Kakan da na sani a bakin mutane shi ne wanda ya haƙa rijiyar masallaci, wanda baƙo ba ya kwana da yunwa a zaurensa. Yanzu don na talauce sai a ce in ɓoye tutarsa kamar kayan sata?"

"Rijiyar tana nan, ni ma ina sha. Gwaggona ma tana nan, je ka ka gan ta in kana so. Ban ce kada ka sayar ba. Na ce ni dai ba zan ƙara ɗaga ta a kan gora ba."

"To ba ni kayana in kai wa wani."

"Kayanka ne. Amma bari mu je gaban Sarkin Kasuwa tukuna, don duk wanda ka kai wa, kasuwar ɗaya ce."

Sarkin Kasuwa dama abin ya ishe shi, don tun jiya masu rumfuna ke sintiri a ƙofar gidansa. Ya saurari kowa. Wani dattijo da ke wurin ya ce ai abin kunya ne a sauke tutar Musulmi don arna sun yi fushi, ya ƙara da cewa dama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yana hararar Ɗanasabe. Ɗanasabe ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa, ɗan Gidan Shago ne ni, ban taɓa ɓoyewa ba. Shawarata ita ce, a bar ta a cikin adudu. Mai so ya zo a buɗe masa ya gani, ya taya. Takobi ma ana sayarwa a kasuwa, amma ba a zare shi a yi ta wulwulawa a kan mutane." Sarkin Kasuwa ya ce haka za a yi, ya kuma sa aka yi shela cewa duk yaron da aka sake ji da waƙar nan, ubansa zai zo ya yi bayani.

Usaini ya bar kayan a hannun Ɗanasabe, ko da yake ya yi kwanaki ba ya gaishe shi da sakin fuska. Rigar da alkyabbar suka shige da daraja. Tutar kuwa ta daɗe a adudu. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a kanta, da aka ce su taya, sai kowa ya ce shekarar ta yi tsanani. Sai da kaka ta yi, wani madugu da ke haɗa ayarin Gwanja ya yada zango kusa da Marke. Ya ji labari, ya zo aka buɗe masa. Shi ba ruwansa da Ɗanliti, layar da ke kusurwa yake so, don an ce masa tana kare ayari daga 'yan fashi. Aka yi ciniki, Usaini ya sallama. Da kuɗin ya sayi jakai biyu ya shiga jigilar kanwa, daga baya har ya mai da 'yan shanu.

Mutanen gangaren kogi sun dawo kasuwa tun Larabar da aka sauke gora, amma ban da Baturiya. Ita sai da Ɗanasabe ya je da kansa ya gaya mata an sayar, fatake sun yi kudu da ita. Ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Ashe ita ma ta bi hanyar da ta bi da mutane." Ta koma kasuwa da ƙwaryarta, sai dai ta canza wurin zama, ta koma can gindin tsamiya inda ba ta hango rumfarsa. Bai taɓa tambayarta dalili ba. Kowace Laraba shi yake zagayawa ya gaishe ta, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya mutu a gida, har shekarar da ta kwanta dama.

Akwai waɗanda suka daina kawo masa haja saboda wannan magana, ba su kuma dawo ba. Bai rasa abin kai wa baki ba. Da ƙafa ta fara gazawa ya bar yawon kasuwa, ya zauna a rumfa, mutane na kawo masa kaya yana faɗin darajarsu, yana haɗa aure, yana raba rigimar mai saye da mai sayarwa da ba'a. A ƙarshen rayuwarsa ya ɗauki son kiwon zabi, abin da ya sa shi faɗa da maƙwabta fiye da duk abin da ya taɓa yi, don zabin ba su san gonar kowa ba. Furera ta yi ta mita, shi kuwa ya ce ƙwan da take soya masa ai ba daga sama yake faɗowa ba.

Ya rasu da damina, gero ya fara fitar da kai, bayan 'yar gajeriyar jinya. Liman ya yi masa salla, Usaini na cikin waɗanda suka ɗauki makara. 'Yan'uwansa na Gidan Shago suka zo da dawa jaki guda na sadaka, suka zauna a gefe har aka dawo daga maƙabarta. Zabin kuwa Furera ta rarraba wa jikoki tun kafin a yi sadakar bakwai.