Yatsu Huɗu Tsakanin Taya da Bodi

Bana shekara arba'in da biyar ke nan da muka yi wa yayana Ilu addu'ar rasuwa, babu gawa, babu kabari. Masu bin wannan shafi sun saba in zo musu da ƙorafin taki da na ruwan famfo. Yau ku yi haƙuri da ni, maganar mota zan yi, ni da har yanzu ba na son durƙusawa gaban taya.

Yaya Ilu bakanike ne a Inugu, a garejin wani Ibo da muke kira Oga Emeka. Ni kuwa awon wake nake yi a kasuwa, ina zaune a unguwar Hausawa da matata Hajara. Yaya ƙato ne, mai yawan dariya, ga shegen son mota. Da wani Bature mai aikin kwal zai koma ƙasarsu, Yaya ya sayi 'yar jar motarsa mai ƙofa biyu, irin ta tsere, cikinta kusan yana sharar ƙasa. Na ce masa wannan ai takalmi ka saya, ko kwata ba ta tsallakewa sai ta karce ciki. Ya ce ni mai awon wake me na sani.

Sai rikicin nan ya taso, wanda ya kai mu ga yaƙin basasa. Jirgin ƙasa ya riƙa sauke mutanen da suka tsere daga Arewa, wasu da raunuka, wasu babu 'ya'yansu. Duk wanda ya ga abin da ake saukewa a tashar nan ya san zamanmu a garin ya ƙare. Maƙwabtan da muke gaisawa suka koma kawar da kai. Muka cire huluna. Hajara tana da cikin wata takwas, ba ta iya turmutsitsin jirgi, babbar hanya kuma an ce duk shingaye ne. Abin da ya rage shi ne hanyar jar ƙasa da ke ratsa ƙauyuka ta ɓulla ƙasar Idoma, ga damina, ga motar da muke da ita.

Kwana uku Yaya ya yi a ƙarƙashinta, an rufe ƙofar gareji. Oga Emeka, wanda shi ma ƙaninsa yana Kano ba a ji labarinsa ba, shi ya mirgino masa tayoyin wata tsohuwar jif masu manyan haƙora, ya fita. Yaya ya ƙara ƙarfe bibbiyu a sifirin na baya don motar ta ɗaga. Ya canja shokazoba, ya ɗaga salansa, wato bututun hayaƙi, ya ɗaure da waya, ya liƙa faifan ƙarfe a ƙasan tankin mai saboda duwatsu. Tayoyin sun fi gurbinsu girma, sai ya sa zarto ya yanke madigadi. Bakin yankan nan kaifi gare shi kamar na gwangwani, kuma babu lokacin lanƙwasa shi.

Sannan ya sa na kawo buhunan wakena. Ya ɗora biyu a kujerarsa, ya ce nauyinsa ke nan. Ɗaya da rabi Hajara da cikinta, ɗaya da ɗan ƙari ni. Ya durƙusa ya zura hannu tsakanin taya da bakin bodi.

"Yatsu huɗu, Sabo," ya ce. "In dai huɗun nan suna nan, za mu isa. Kada ka ɗauko ko kwano."

Ba mu ɗauki kwano ba. Amma da gari ya waye aka ji Ilu zai tafi da mota, sai ga limamin unguwa, tsoho, an biyo shi da adakar ƙarfe cike da littattafansa, har da Alƙur'anin da mahaifinsa ya rubuta da hannu. Shi zai bi jirgi, in ji shi, amma waɗannan ba za su kai ba. Kafin a rufe baki ga Gwaggo Abu, mai riƙon marayu uku, da kan keken ɗinkinta a ka, ita ma jirgi za ta bi. Wanda bai tashi cikinmu ba zai ce ai sai a ce musu babu wuri. To, ba a faɗa wa liman haka, kuma mai tafiya gida ba ya ƙin saƙo. Yaya ya dube ni, na dube shi.

"Na karɓa, Allah gafarta Malam," ya ce.

But ɗin motar, wurin kaya, bai wuce faɗin tabarma ba, don haka safaya taya aka fitar aka jingine da bango. Na ga ya sake zura hannu. Yatsu biyu suka shiga. Tsoro ya hana ni tambaya.

Idan na ga samarin yanzu suna kai motocinsu a danne su ƙasa, a sa musu tayoyi sirara don ado, nakan ce da Yaya yana nan da ya tsaya ya yi musu tas, sannan ya roƙi aron makulli ya ɗana. Hanyoyin ma da ya ga bai rasa komai ba, ramukan suna nan. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne har yau mutum yana shiga mota a ƙasar nan yana lissafin inda zai ɓoye sunansa.

Mun yi tafiya mai tsawo kafin abin ya faru. Kowane rami muka faɗa sai in ji ƙiii daga baya, bodi yana yankar taya. Hajara ta riƙe ciki da hannu biyu tana salati a hankali. Wajen azahar tayar baya ta hagu ta fashe, a tsakiyar gonakin rogo. Yaya ya sa jak, ya zare ta, muka shiga cusa mata ciyawa da zannuwan Hajara, har da 'yan rigunan da ta ɗinka wa jariri. Muna cikin haka wani mutum ya zo a kan keke. Ya rage gudu, ya dubi zanen da ke kumatuna, ya dubi Hajara, sannan ya taka kekensa da ƙarfi ya nufi ƙauye. Ba a jima ba muka fara jin bugun ganga daga can. Har yau ban san ko don mu ake buga ta ba. Na dai san fitsari ya kusa kufce mini.

Yaya ya mayar da taya, ya shafa ta dama, ita ma ta fara tsagewa. Na ce a jefar da adakar nan da keken. Wallahi na faɗa, kuma da ƙarfi na faɗa.

"Alƙur'ani a cikin taɓo?" ya ce. "Da abincin marayu? Na ce na karɓa. Kuma duk wanda ya buɗe adakar nan ya san su wa suka wuce."

Ya sa muka shiga, ni a kujerar direba, shi yana tsaye a waje. Ya durƙusa ya zura hannu.

"Huɗu," ya ce. "Ni ne buhu biyun. Ina jin yarensu, mil ɗin da suka rage ba su fi ƙarfin ƙafata ba. Giya ta biyu, kada ka tsaya ko wa ya ɗaga maka hannu. Ku jira ni a tashar Otukpo."

Tuƙina a lokacin bai wuce zagaya filin ƙwallo ba. Hajara tana kuka tana cewa Yaya ka shigo. Ni ban ce masa ya shigo ba. Wannan ita ce gaskiyar da ban taɓa rubutawa ba: tsoro ya cika ni, na ji daɗi da ya yanke hukuncin, na taka totur. Ƙarar nan ta baya ba ta sake tashi ba har muka isa.

Kwana tara na yi a tashar ina duba fuskar duk wanda ya ɓullo daga kudu. A kwana na shida Hajara ta haihu, mace. Yau ita ma tana da jikoki.

Na daɗe ina jin haushinsa. Na ji haushin liman, na ji haushin kunyarmu da ba ta bari mu ce a'a. Yanzu da na tsufa na rasa wa zan ɗora wa laifi, domin halin da ya sa ya karɓi adaka shi ne ya sa ya kwana uku a ƙarƙashin mota saboda matar ƙaninsa. Ba a raba su. Shi ne abin da ya rage mana na Ilu, kuma ban ga ya ragu a gidanmu ba, duk da faɗan da nake yi wa 'ya'yana a kai.

Adakar na kai ta Zariya hannun ɗan liman. Keken ɗinkin na kai wa Gwaggo Abu a Wudil, ta yi ta sa mini albarka. Daga nan na wuce Ringim, garinmu. Innarmu ta fito bakin zaure, ta karɓi jaririya, ta leƙa cikin motar, ta leƙa bayana, sannan ta ce, "Sabo, kowa ka kai masa nasa. Ina nawa?"