Nas Ɗin Haya

Haihuwata ta fari a wani ƙaramin asibitin kuɗi na yi ta a unguwar Maamobi, a shekarun nan da sai an bi layi ake samun sabulu da madarar gwangwani. Ɗakuna uku ne da baranda. Likita sai bayan la'asar yake leƙowa idan ya tashi daga aikin gwamnati, don haka komai yana hannun wata babbar nas, mace mai jiki da murya, wadda rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo duniya. Ita na sa a rai wata tara cur. Ranar da naƙuda ta taso mini da hantsi, muka je ni da goggona, ƙanwar babana da ta riƙe ni, aka ce ai ta tafi garinsu jana'iza.

A gurbinta wata 'yar siririyar yarinya muka tarar, farar rigarta ko koɗewa ba ta fara ba. Wai wani ofis ne a cikin gari ya turo ta, irin masu ba da hayar nas-nas, kwana biyu nan, kwana uku can. Bara ta gama makaranta, kuma ba ta jin Hausa sai gaisuwa.

"Haya?" in ji Goggo. "Kamar keke? Wannan ɗan yarinya ya taɓa ganin haihuwa ma?" Mu a Zongo Hausar bakinmu ba ruwanta da mace ko namiji.

Ni ma gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Abin da ya ƙara tsorata ni, ina murƙususu a kan gado ita kuwa tana ta buɗe durowa da kabad ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kwalabe tana karantawa, har ta sa aka nemo mata makullin wani akwati. Goggo ta taɓe baki ta ce, "Ka gani ko? Ko inda almakashi yake bai sani ba."

Allah ya kawo abin da sauƙi. Bayan azahar na haifi 'ya mace, aka gyara ni, aka kwantar. Goggo ta lulluɓe ni da zannuwa biyu ta zauna tana yi wa jaririya wasa. Can sai na fara jin wani ɗumi yana bin ƙasana, yatsuna kuma suna sanyi, kunnuwana suna shuu. Na ɗauka haka haihuwa take. Wa zan tambaya? Budurwar jiya ce ni, kunya ta cika ni fal.

Yarinyar ta zo da takardarta, ta haɗa 'yar Hausar da ta tsinta ta ce, "Yaya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Me zan ce dama? Haka aka koya mana tun muna yara. Mai ciwo ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin mutane. Ta rubuta wani abu ta juya, har ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya. Wallahi har yau ina ganin tsayuwar nan. Ta dawo ta dubi Goggo, ta yi mata magana da Tuwi, yaren da dukanmu muke ji a kasuwa.

"Maame, tun safe duk wanda na tambaya abin da yake ce mini ke nan. Tsohon nan mai kumburarriyar ƙafa ma haka ya ce. Mene ne ma'anarsa?"

Goggo ta yi dariya ta ce, "Wai jiki ya yi dama."

"To idan jiki bai yi dama ba fa, me kuke cewa?"

Goggo ta daina dariya. Sannan a hankali ta ce, "Da sauƙi."

Nan take yarinyar ta kama zanen da ke kaina. Goggo ta buge mata hannu, don a wurinmu ba a yaye wa mai jego zane haka kawai, ga taga a buɗe. Ko kallonta ba ta yi ba, ta fizge duka biyun. Salatin da Goggo ta saka shi ya gaya mini abin da suka gani. Jini ya ratsa katifa har yana ɗiga ƙasa.

Abin da ya biyo baya kamar a mafarki nake tuna shi. Wannan siririn hannun ya danne mini mara yana murzawa da ƙarfin da ban san inda ta samo shi ba. Ta tafi kai tsaye wurin akwatin nan, ba lalube, ta zaro allura ta soka mini a cinya. Ta ɗaura mini ruwa a jijiyar da ta riga ta ɓuya, a karo ɗaya. Goggon da ko mijina ba ya haɗa ido da ita, yarinyar nan ta daka mata tsawa ta ce ta ajiye kuka ta nemo tasi, sai ga ta a guje ba takalmi. A cikin motar, hannunta ɗaya na kan marata, ɗayan ya ɗaga ledar ruwa ta taga, muna ratsa cunkoson unguwar Nima tana yi wa direbobin motocin hayar nan, trotro, ihu su ba da hanya. Tsoro take ji kamar ni, amma hannun bai sassauta ba har ƙofar babban asibiti, inda aka ƙara mini jini.

Na sha jin masu ilimi suna cewa bai kamata a tura sabuwar nas inda ba ta san kowa ba, ba kuma babba a kanta. Ina jin suna da gaskiya, ban isa in yi musu gardama ba. Ni dai abin da na gani da idona ya fi ƙarfin bakina, kuma har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ranar da na yi arba'in na ci ado, na goya 'yata, na ɗauki turmin atamfa da ƙwaryar ƙwai na nufi asibitin. Babbar nas ta dawo. Ta ce yarinyar kwana uku kawai ta yi, ba su san gidansu ba, ofishin ma sun ce ta koma wani gari. Na tsaya a baranda da kaya a hannu na rasa wanda zan miƙa wa. A hanyar komawa gida ne lissafin ya zo mini, har na nemi dakali na zauna. Da a ce ran nan yarinyar ta fice daga ƙofar nan ba ta juyo ba, yau ɗin nan da nake tafe da kwalliya, sadakar arba'in ɗina ake rabawa.