Zanen Gadon Inna a Taga

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya fara cika gari, na gama jami'a aka turo ni Gombe koyarwa, aka ba ni ɗaya daga cikin sababbin gidajen gwamnati masu rahusa da ake kira Lokos. Gidan ba laifi, sai dai tagoginsa manya ne, na gilashi, kuma duk suna kallon hanya. Ni da na tashi a gidan da katanga ke rufa wa kowa asiri, sai ga ni ina sa wando a tsugune a bayan ƙofa.

Ban sayi labule ba. Na je kasuwa sau biyu, ina tsoron kada in zaɓi abin da za a yi mini dariya, na dawo hannu banza. Wani abokina da muke koyarwa tare ya gaji da ni. Ya ce, "Malam, ba kana da zanen gado biyu a akwati ba? Yanka su mana."

Zannuwan nan mahaifiyata ce ta ba ni ranar da zan taho. Farare ne, ta yi musu furanni ja da kore da allura a gefe, ɗinkin da ya ci mata damina guda, ko ma fiye. Sai da na yi mako biyu ina shawara da kaina. Daga ƙarshe na auna taga sau uku, na rubuta awon a takarda, na sa almakashi. Matar maƙwabcina, wata malama daga kudancin Gombe, ta kalmashe mini bakin a kekenta. Na rataya su, furannin na fuskantar hanya, don ina jin a lokacin na fi damuwa da abin da masu wucewa za su gani.

Bayan wata ɗaya aka aiko cewa Inna na zuwa. Nan hankalina ya tashi. Ban san yadda za ta ɗauki ganin aikin hannunta a yanke ba, kuma Inna ba mai faɗa ba ce, shirunta ake tsoro. Na sauke labulen, na naɗe, na tura ƙasan akwati.

Ta iso da la'asar, ta sha ruwa, ta zagaya gidan. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ta tsaya a bakin gado, ta dubi katifa tsirara.

"Kai, ina zannuwan?"

"Suna nan, Inna. Wato, za a iya cewa suna nan."

"Za a iya cewa? Ɗauko."

Na ɗauko. Ta warware ɗaya, ta ga ya rabu biyu, ta bi bakin da yatsa har inda almakashi ya raba wani jan fure. Ta daɗe a wurin. Na fara bayanin tagogi da mutanen hanya, ta ɗaga hannu.

"Wa ya yanka?"

"Ni ne."

"Na gani. Da tsoro ka yanka, shi ya sa ya karkace. Rataya in gani."

Na hau kujera na rataya yadda yake a da. Ta yafa mayafi ta fita har bakin hanya, ta tsaya tana kallo, ni kuma ina ciki ina zufa. Da ta dawo sai ta ce, "Yanzu kai a nan me kake gani?"

Na duba. Bayan ɗinkin ne, duk ƙulle-ƙullen zare.

"Ni ban ɓata idona don mutanen Lokos ba," in ji ta. "Juya shi."

Ban tabbata ko yankan bai yi mata zafi ba. Wataƙila ya yi, ba ta dai taɓa faɗa ba. Abin da na sani shi ne na sha wahalar ɓoye laifin da ba shi ya dame ta ba, wanda ya dame ta kuwa ko lura da shi ban yi ba. Har yau nakan kama kaina ina gyara abu don idon waje, sai in tuna.

Labulen sun yi shekara tara a tagar, har rana ta cinye launinsu. Kowace safiya da na buɗe ido, rabin jan furen nan nake fara gani.