Shekara Biyar da Na Rage wa Nafisa

A gidanmu na Rogo, in an roro gyaɗa, kakata Iya Dije ba ta kashe wutar murhu bayan tuwon dare. Sai ta barbaza gyaɗar a cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta muna ciro ta da tsinke muna hura yatsu. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya sami na taunawa.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Akwai guda ɗaya da ba na so, ita kuwa Iya tana yawan yin ta. Wai wata mata ce ta zo bakin kogi da 'yarta, guzurinsu ya ƙare. Mai fito ya ce yaron da bai yi famfara ba kyauta yake hayewa. Yarinyar kuwa ta daɗe da sake haƙora. Uwar ta ce mata ta rufe baki, ta ce wa mai fito, "Ƙarama ce, tsawon ƙafa ne kawai." Suka haye lafiya. Amma kogin ya ji. Tun daga ranar yarinyar ba ta ƙara girma ba, sa'o'inta suka yi aure suka haihu, ita tana nan yadda uwar ta faɗa.

Na taɓa cewa, "Iya, ai uwar ba ta da kuɗi ne."

Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Shi ya sa ban ce muguwa ce ba."

Bara na kai 'yata Nafisa ƙasar waje aikin ƙugu. Sikila ce da ita, ciwon ya cinye ƙashin har ba ta iya taku goma ba ta tsaya ba. Babanta ya sayar da gonarsa ta Karaye, ya zauna gida da ƙannenta saboda kuɗin ba zai kai mu uku ba. Likitoci suka ɗaga aikin sau biyu, wai jininta bai kai ba. Kullum sai mun hau bas zuwa asibiti, abin da ke hannuna yana ta narkewa. Na koma cin abinci sau ɗaya ina ce mata azumi nake.

Shekararta goma sha biyu, amma wanda ya gan ta zai ce bakwai. A can kuwa ƙananan yara ba sa biyan cikakken kuɗin mota. Rannan direba ya dube ta ya yi mini alama da hannu mu wuce, ban ce komai ba. Washegari ma haka. Na ce a raina ai ban yi ƙarya ba.

Ana saura kwana biyu aikin, ta roƙe ni in kai ta gidan tarihin da muke wucewa a hanya. Ta ce, "Umma, in ban tashi ba, ko shi dai na gani." Ban iya hana ta ba. A bakin ƙofa matar da ke sayar da tikiti ta tambaye ni shekarun Nafisa da Turanci. Na dubi farashin manya, na dubi na yara. Na ce bakwai.

Na manta Nafisa tana jin Turanci.

Muka shiga, ta sami benci ta zauna, ba ta kalli komai ba. Na ce ko ƙafar ce. Ta girgiza kai.

"Umma, kin san wahalar da na sha kafin na kai sha biyu. Kowace shekara sai an kwantar da ni. Shi ne kika cire biyar?"

Na durƙusa a gabanta, mutane suna wucewa suna kallonmu, na riƙe ƙafafunta ina kuka ina cewa ta yafe mini. Sannan na koma wurin matar na ce sha biyu ce, na cika kuɗin da abin da na ware na cin abincin washegari. Matar ba ta ma fahimci abin da ya sa nake hawaye ba.

An yi aikin. Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba, har yau da sanda take tafiya, kuma an ce mu koma, ba mu san da me ba.

Ina yarinya na ɗauka kogin ne abin tsoro a tatsuniyar Iya. Ban taɓa tunanin yarinyar tana tsaye a wurin, baki a rufe, tana jin abin da uwarta ke faɗa ba. Watan jiya Nafisa ta cika sha uku. Da asuba na tashe ta na faɗa mata cikakkun shekarunta da bakina.