Hancin Kaltume Mai Ƙuli

Duk wanda ya girma a ƙauyenmu, can bayan Bagwai ta hanyar Watari, ya ci ƙulin Kaltume. Ni taubashiyarta ce, babana da innarta ciki ɗaya, kuma ni na kashe mata kasuwa da bakin nan nawa. Gara in faɗa da kaina.

A shekarun da damina ta yi gardama sau biyu a jere, sabulu ma sai an bi layi, mijinta ya tafi ci-rani Kudu, shiru kake ji. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu da turmi, da turmin kuwa ta riƙe su. Ta soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta matse mai, ta tsaya kan kasko har la'asar. Mace ce marar hayaniya. In ka zolaye ta sai ta yi murmushi ta ci gaba da murza ƙulinta.

Tun tana budurwa akwai baƙaƙen ɗige-ɗige a hancinta da haɓarta, kamar an barbaɗa masoro. Aikin mai ya ƙara su.

Ranar suna a gidan Malam Hadi, mata cike da tsakar gida, ta shigo da kwanon ƙuli. Ni kuma sarkin baki, ina so a yi dariya. Na ce, "Kaltume, wannan hancin naki ai sai an sa masa garma. Wadda ta kasa wanke fuskarta, ina ga hannun da ke murza mana ƙuli?" Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, don tsakanin taubasai ba a fushi.

Kafin sati biyu gidaje sun koma sayen mai wajen wata. Ƙuli ya kwana, ya sake kwana. Kaltume ta kife kasko ta koma ƙwadagon tsinkar tumatir a Watari, yaranta suka rame. Na gani, wallahi na gani, na ce wa zuciyata ai wasa na yi.

Ita kuwa ta ɗauki dutsen goge kaushi ta dirje fuskar da toka da kanwa, ta bi da farce tana matsewa, har fatar ta ɗaye. Ta warke da tabo, ɗige-ɗigen suka dawo abinsu. Tun daga nan, in za ta miƙa wa mutum abin ci ko na sha, sai ta ja gefen mayafi ta rufe hancinta.

Bayan shekara ashirin irin abin ya fito wa 'yata Rahmatu. Na kai ta asibiti a Bici, tun a mota nake mata faɗan ƙazanta. Malamar asibitin ta duba ta ce, "Inna, ba datti ba ne. Maiƙon jiki ne da matacciyar fata suke toshe ƙofar gashi, in iska ta taɓa bakin sai ya yi baƙi. Kada ta dirje, kada ta matse. Ruwan ɗumi da sabulu marar zafi, safe da yamma, ga wannan man ta shafa, sai haƙuri."

Daga tasha ban nufi gida ba, gidan Kaltume na wuce. Na same ta tana tsintar wake. Na maimaita mata maganar malamar, na ce ta yafe mini don girman Allah.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Ashe ba ƙazanta ba ce?"

Na ce ba ita ba ce.

"Ni ai na yarda da ke, Maijidda. Na ce 'yar'uwata ba za ta faɗi abin da ba ta gani ba." Ta share hannu a zani. "Na yafe. Bari in ba ki ruwa, kin sha rana."

Ta ɗebo a randa. Da ta zo miƙa mini, hannun hagunta ya ja gefen mayafin ya rufe hancin. Ita ba ta ma san ta yi ba. Na karɓi ƙoƙon.